Amsa: Hoton IRM kaɗai zai nuna ciwon kumburin tsoka?

Malama, kin ce Hajiya ba ta iya tashi daga tabarma sai an ɗaga ta, tsefe kai ma ya gagare ta, likita a Garwa ta Kamaru yana zargin kumburin tsoka, kina tambaya ko hoton IRM kaɗai zai tabbatar. A'a, ba zai tabbatar shi kaɗai ba, amma ku yi shi. IRM, hoton cikin jiki da ake ɗauka da na'urar maganaɗisu, wanda a Najeriya ake ce wa MRI, yana nuna inda ruwa ya taru cikin tsokar cinya ko kafaɗa, da inda kitse ya riga ya maye gurbin nama. Hoton ƙashi, wanda muke ce wa radiyo, ba ya ganin wannan, kada ku ɓata kuɗi a kansa. Sai an haɗa hoton da gwajin jini na CPK, wato sinadarin da ke ƙaruwa a jini idan tsoka ta lalace, wani lokaci a ɗan yanki tsoka a duba, kuma IRM ɗin ne ke nuna wa likita daidai wurin da zai yanka, domin ciwon ba ya kama tsoka bai ɗaya.

Abin da na gani lokacin jinyar yayata: idan Hajiya ta riga ta fara shan firedinizon, wato maganin rage kumburi, musamman na kemis ba da takardar likita ba, kumburin na iya lafawa hoton ya fito kamar lafiya lau. Ki gaya wa likita ranar da ta fara, amma kada ta daina shi kwatsam. Idan akwai ƙarfe ko na'urar bugun zuciya a jikinta, ki faɗa tun kafin ku biya kuɗin hoton. Allah Ya ba Hajiya lafiya.