Abin da ya sauko da ni daga kan rufi

Jiya a Kasuwar Katako ka tambaye ni me ya sa nake tsayawa a ƙasa ina nuna muku aiki da sanda, alhali hannuna bai mutu ba. Na yi maka shiru ne saboda akwai mutane. To, buɗe kunnenka, yaro, don maganar ma ta kunne ce.

Shekara 31 ina buga kwano a garin nan na Jos, daga Gangare har Bukuru, ban taɓa zamewa ba, ko da asubar hunturu da raɓa ke kwanciya a kan kwano kamar an shafa mai. A 2016 na karɓi rufin wani bene a Rayfield. Mun ɗora katako, saura kwanon gefe ɗaya. Ina kan tsani na ɗaga kai zan duba wata ƙusa, sai gidan gaba ɗaya ya juya da ni. Guduma ta suɓuce ta fasa gilashin taga, ni kuwa na rungume katako, zufa na keto mini cikin sanyin Jos. Bai kai minti ɗaya ba ya wuce. Amma mai gidan yana tsaye a ƙasa, a gaban leburori da yarana ya ce, “Malam, me ka sha da safen nan?” Ni da ko sigari ban taɓa sa wa a baki ba! Washegari ya kawo wani kafinta ya ƙarasa aikin kwana biyu, ya riƙe mini cikon naira 380,000, wai kuɗin gilashi ne. Gilashi ɗaya. Na yi sawu bakwai ƙofar gidansa, maigadi yana ce mini ya yi tafiya, motarsa kuwa ga ta a ciki. Yarana daga aljihuna na biya su. Har yau in na bi ta layin na hango rufin nan, sai na ji zuciyata ta yi baƙi.

Wata biyu ina shan jiƙe-jiƙe, wannan ya ce hawan jini, wancan ya ce iska. Da na je wurin likitan kunne, sai ya zaunar da ni a gado, ya juya kaina gefe, ya kwantar da ni da sauri yana kallon idona. Jirin ya dawo nan take. Ya ce can cikin kunne akwai bututu uku masu lanƙwasa cike da ruwa, kamar lebur ɗin da muke auna gini da shi, da wasu 'yan gashi masu gaya wa ƙwaƙwalwa inda kai ya karkata. Kusa da su akwai ƙananan duwatsu, sun fi yashi ƙanƙanta. In shekaru suka ja, duwatsun kan ɓalle su faɗa cikin bututun, sai ka ɗaga kai ko ka juya a shimfiɗa ka ji duniya na gudu. Ya yi ta juya mini kai a hankali har suka koma mazauninsu, ko ƙwaya ɗaya bai ba ni ba. Amma 'yan gashin nan, ya ce, raguwa suke yi da tsufa, kuma wanda ya mutu ba ya sake tsirowa. Tsoho da ido da tafin ƙafa yake cike giɓin, shi ya sa magariba da rufi mai gangara suka fi kayar da shi.

Yadda ake kafa tsani ba zan ɓata bakina a kai ba, wanda bai san wannan ba ya koma tallan rake. Abin da ke ba ni haushi da ku yaran yanzu, Allah ya ba ku lafiyayyen kunne, kun toshe shi da abin jin waƙa, kuna kan rufi hannu ɗaya riƙe da waya. Gobe a aikin Anguwan Rogo wayarka a aljihuna za ta yini. Kuma dattijon nan da ya zo neman aiki, ka ba shi yankan katako a ƙasa, kada in ga ƙafarsa a kan tsani.