Cire launin jikin kayan keke na alminiyam da soda

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na sayi keken tsere na hannu. Sandar sirdi da hannayen birki da ƙafar feda duk shuɗaye ne, amma launin ya koɗe, wani wurin ma ya goge. Na sa tina bai fita ba, na goga sanfefa har na gaji. Wani ya ce in jiƙa su cikin soda irin ta masu haɗa sabulu. Shin hakan zai yi, kuma ba haɗari? Daga wani mai karatu a Gwammaja.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Tina ba za ta taɓa fitar da shi ba, domin ba fenti ba ne. A masana'anta ana tsoma alminiyam cikin asid irin na batirin mota, a saki lantarki, sai fuskar ƙarfen da kanta ta rikiɗe ta zama wata fata mai tauri. Fatar tana da ƙananan ƙofofi, cikinsu ake shayar da rini sannan a toshe. Kaurinta a kayan ado yakan kama daga maikiron 5 zuwa 25, bai kai silin gashi ba, amma ta fi ƙarfen da ke ƙarƙashinta tauri. Shi ya sa sanfefa ta wahalar da kai.

Wanda ya ba ka shawarar soda bai yi ƙarya ba, sai dai rabin magana ya faɗa. Soda tana cinye fatar, kuma da ta gama da ita ba ta tsayawa, sai ta faɗa wa ƙarfen. Kumfar da za ka ga tana tashi iskar haidurojin ce, mai kamawa da wuta. Don haka a tsakar gida ko a fili ake aikin, nesa da murhu da janareta da mai shan taba.

Ka sami bokitin roba, ban da tukunyar alminiyam ko kwanon samira. Safar hannu ta roba mai kauri, doguwar riga, da tabarau mai rufe gefen ido. Tabaran nan shi na fi damuwa da shi. Soda a ido ta fi asid muni, tana ratsawa ciki tun mutum bai ji zafi sosai ba. In ta fantsama, a riƙa kwarara ruwa mai tsabta aƙalla minti 20 ba tsayawa, sannan a wuce asibiti ko da ciwon ya lafa.

Wurin haɗawa, ruwa ake fara zubawa, sannan a barbaɗa soda a hankali, kimanin cokalin cin abinci biyu a lita ɗaya. In ka juya tsarin ka zuba ruwa a kan soda, zai tafasa ya yi tsalle. Kuma ka yi da ruwan randa mai sanyi. Ruwan tankin da ranar Kano ta gasa a watan Afrilu yana sa aikin ya yi saurin da ba za ka iya bi ba.

Kwance kayan tukuna, ka cire noti da boris da roba, ka wanke maiƙo da omo, don inda maiƙo ya zauna launi ba ya fita daidai. Ɗaura kowane ɗaya da zaren roba, ka tsoma, ka ɗago bayan minti ɗaya ka goga da tsohon buroshin haƙori. Yawanci cikin minti biyu zuwa biyar launin ya bi ruwa. Yana fita ka cire, ka ɗauraye sosai, ka tsoma a ruwan da aka sa wa khal, ka sake ɗaurayewa. In ka ga ya yi baƙi kamar gindin tukunya kada ka tsorata, ragowar tagulla ce da sauran ƙarafan da aka gauraya, musamman a samfurin alminiyam mai lamba 7075. Gogewa na fitar da shi.

Cikin kayanka uku, hannayen birki ba damuwa. Sandar sirdi kuwa, ka tsoma iya saman da ake gani. Ɓangaren da ke shiga jikin keke an yi shi ne daidai wa daida, kamar 27.2 na milimita, in ya rame kaɗan sirdi zai riƙa zamewa. Ƙafar feda ni dai ina ba ka shawara ka ƙyale ta. Ita ke ɗaukar nauyinka duk tafiya, kuma in soda ta cinye haƙoran ramin da ake murɗa feda a ciki, ba gyara. Haka shi ma kan keke, wato abin riƙewa, in mai siririn jiki ne, ƙyale shi.

Wani abu da ke ci mini tuwo a ƙwarya: mutane na ajiye ragowar ruwan soda a gorar lemo. Ba shi da launi, yaro na gani ruwa ne, kuma yana ƙone maƙogwaro ƙuna ta har abada. Don Allah kada ka ajiye. Ka ƙara masa ruwa mai yawa da khal kaɗan-kaɗan, sannan ka zubar a masai, ba a kwatar ƙofar gida da yara ke wasa ba.

Kayan za su fito fari-fat ba sheƙi. Bi su da sanfefar ruwa lamba 600, sai 1200, sai 2000, ka ƙarasa da man goge ƙarfe irin Autosol. Tunda fatar da ke kare su ta tafi, gumin hannu zai riƙa dusashe hannayen birkin, sai ka fesa musu fenti marar launi ko ka riƙa shafa kakin goge mota duk bayan 'yan makonni.