Amsar tambayar ƙanenmu kan Star Trek, muryar da aka rubuta

Assalamu alaikum jama'ar gida, barkanmu da dare. Na ga tambayar da ƙanenmu ya ajiye tun da rana, wai shi ya kasa gane me mutane suke gani a Star Trek, a ganinsa kumbo ne kawai da harbe-harbe da wasu halittu masu dogayen kunnuwa, in akwai kashi ɗaya da zai kalla ya canza ra'ayi a faɗa masa. To ƙanena akwai, kuma ko harsashi ɗaya ba a harba a cikinsa ba. Sai dai zan ba da labarin har ƙarshe fa, wanda ba ya so a riga shi ya tsayar da muryar nan ya je ya kalla tukun.

Sunan kashin The Drumhead, yana cikin Star Trek The Next Generation, zango na 4 kashi na 21, an fara haska shi a Amurka a 1991. Wata mata Jeri Taylor ce ta rubuta, Jonathan Frakes ya ba da umarni, shi ne dai wanda yake fitowa a Riker mataimakin kyaftin. Kusan duk a cikin ɗakunan kumbon aka yi shi, mutane ne a zaune ana tambaya ana amsawa, amma wallahi zuciyarka za ta fi bugawa a kan na yaƙin.

Yadda abin ya fara, wani murfi ne ya fashe a ɗakin injin kumbon Enterprise. A daidai lokacin kuma aka gano cewa zanen sirrin injin ya faɗa hannun Romulan, su ne abokan gaba. Sai aka kama wani baƙon ma'aikaci ɗan ƙabilar Klingon mai suna J'Dan, kuma ka riƙe wannan da kyau ƙanena, mutumin nan da gaske ɗan leƙen asiri ne, ba sharri aka yi masa ba. Worf shugaban tsaro shi ya gano dabararsa, yana mayar da bayanan sirri cikin ruwan allura, a yi wa mutum ya fita da su a jininsa ko bai sani ba. Da aka matsa shi ya amsa laifinsa, ya ce e ya ba da bayanai, amma fashewar nan babu hannunsa. Ni a nan na fara jinjina wa marubuciyar, don da ta yi labarin babu mai laifi ko ɗaya da mai kallo ya ce ai waɗannan wawaye ne, ni ba zan taɓa yin haka ba. Amma da yake an kama na gaske guda ɗaya, kowa ya samu dalilin tsoro, har kai mai kallo sai ka fara leƙen fuskokin mutane kana cewa to waye na biyun.

Wadda aka turo bincike wata Admiral ce da ta yi ritaya aka dawo da ita, Norah Satie, Jean Simmons tsohuwar jarumar Ingila ce ta fito a matsayin. Ba su yi ta muguwa mai zare ido ba. Dattijuwa ce mai natsuwa, ga murmushi ga iya magana, 'yar babban alƙali Aaron Satie wanda shi kansa Kyaftin Picard shugaban kumbon ya karanci hukunce-hukuncensa a makaranta, kuma ta faɗa da bakinta cewa shekara huɗu tana yawo daga wannan kumbo zuwa wancan, ba gida ba ƙawaye, aikin kare ƙasa kawai ta sa a gaba. Ta yarda da abin da take yi ɗari bisa ɗari. Tana tare da wani hadiminta Sabin, ɗan Betazoid, jinsin da suke iya jin abin da ke motsi a zuciyar mutum. Shi ne ya ce J'Dan gaskiya ya faɗa game da fashewar, saboda haka akwai wani maci amanar a cikin kumbon.

Sai aka fara kiran duk wanda ya taɓa hulɗa da J'Dan. Cikinsu akwai wani yaro ƙaramin ma'aikacin asibiti, Simon Tarses, shi yake yi masa allura wani lokaci. Yaron nan ya shigo jikinsa na rawa, ya amsa tambayoyi ya fita, yana fita Sabin ya ce wannan ne, yana ɓoye wani abu babba. Shi ke nan fa hujjar, wani ya ji a ransa. Satie ta ce a sa masa ido a hana shi zuwa wasu wurare, Picard ya ce a'a ba zai takura mutum a kan jin zuciyar wani ba. Sai ta mayar masa da magana mai nauyi, ta ce kai ba kana da taka mai ba da shawara Troi ba, ita ma ba jinin Betazoid ba ce, ba ka aiki da abin da ta ji? Picard bai yi musu ba, ya ce gaskiya ne, kuma wataƙila ya kamata shi ma ya sake duba wannan ɗabi'ar tasa. Wurin nan yana burge ni ƙwarai, shugaba ne aka nuna masa nasa ya karɓa.

Yanzu ga inda labarin ya juya. Injiniyoyi, Geordi da Data, suka samu shiga ɗakin injin suka duba, suka dawo da sakamako cewa babu wani zagon ƙasa, murfin ne da aka canza a gyaran baya yake da lahani, ƙarfen ya gaji ya fashe. Hatsari ne kawai. A hankalce ai magana ta ƙare ko? An kama ɗan leƙen asiri, fashewa kuma hatsari ce, kowa ya koma bakin aikinsa. Ina! Satie ta ce wannan bai nuna babu maƙarƙashiya ba. Ta sake kiran Tarses, wannan karon ta buɗe ƙofa jama'a suka cika ɗakin, Sabin ya tsaya a gaban kowa ya yi ƙarya da gangan, ya ce an gano wani sinadari mai cin ƙarfe ne ya jawo fashewar kuma akwai irinsa a inda yaron yake aiki, alhali ya san rahoton injiniyoyi. Da yaron ya rikice sai ya jefa masa ainihin abin da suka tono, wai a fom ɗin shiga aiki ka rubuta kakanka na wajen uba ɗan Vulcan ne, jinsin da ake ƙawance da su, ashe Romulan ne. Ka ga fuskar yaron a lokacin, kamar an zare masa laka. Riker da yake tsaya masa a matsayin lauya ya raɗa masa kada ya amsa, ya fake da dokar da ta ba mutum damar yin shiru.

To abin da yake ɓoyewa ke nan. Sabin bai yi kuskure ba da ya ce akwai sirri, amma sirrin ba shi da alaƙa da injin ko leƙen asiri, yaro ne yake tsoron in aka san jinin da ke jikinsa ba za a ɗauke shi aiki ba, kuma abin da ya faru ya nuna tsoron nasa yana kan hanya. Wa a cikinmu za a zaunar a gaban jama'a a tone rayuwarsa tun daga kakanni a rasa abin kamawa?

Wanda ya fi ba ni tausayi da haushi a lokaci guda shi ne Worf, wanda shi ma ɗan Klingon ne. Mutumin nan an yi wa mahaifinsa ƙazafin haɗa baki da Romulan, a zango na 3 ya karɓi tozarci a gaban majalisar Klingon a kan laifin da ubansa bai yi ba, ya san zafin abin fiye da kowa. Amma shi ne ya fi kowa zaƙewa, ya tara yaransa ya ce a binciko dangin Tarses da abokansa na makaranta da duk wanda yake zama da shi. Har yake gaya wa Picard ai mai gaskiya ba ya ƙin amsa tambaya. Picard ya ce masa a'a, ba a mayar da shirun mutum ya zama shaidar laifinsa, kuma a nan ya ba shi tarihin sojojin da can da suke kifa ganga a filin daga su zauna a yanke wa mutum hukunci nan take ba ɗaukaka ƙara, daga nan sunan kashin Drumhead ya samo asali, ya ce abin da kumbonsa yake komawa ke nan.

Da Picard ya ce a tsaya haka, sai Satie ta aiko masa da takardar sammaci shi ma. Ta gayyato babban Admiral na tsaro Thomas Henry ya zo ya zauna ya gani. Ta lissafo masa sau tara da ta ce ya karya babbar dokar aikinsu, ta kawo maganar wata jakadiya da ya ɗauka a kumbonsa wadda ashe 'yar leƙen asirin Romulan ce, sannan ta taɓa masa inda ya fi ciwo, lokacin da Borg, wasu abokan gaba rabi mutum rabi inji, suka kama shi suka yi amfani da shi aka hallaka kumbo 39 da mutum kusan 11,000, tana tambayarsa wai yana iya barci. Tun a kan maganar jakadiyar Worf ya miƙe zai kare kyaftin ɗinsa, nan take aka ce masa kai ɗan wanda ya haɗa kai da Romulan ne za ka yi magana? Mutanen da jiya suke yabonsa. Picard ya dafe goshi ya yi shiru, sannan a hankali ya karanto mata maganar mahaifinta, ma'anarta dai duk ranar da aka fara tauye 'yancin mutum ɗaya an ɗaure kowa. Matar nan ta miƙe tana ihu tana kiransa maci amana, tana cewa ta kayar da waɗanda suka fi shi. Admiral Henry bai ce uffan ba, ya tashi ya fice. Ɗakin ya watse aka bar ta zaune ita kaɗai.

Amurkawa da suka kalli wannan sun san da wa ake. A 1950 Sanata Joseph McCarthy ya tashi a wani taro ya ce yana riƙe da sunayen 'yan kwaminis da ke aiki a ma'aikatar harkokin waje, kuma a lokacin da gaske akwai masu yi wa Tarayyar Sobiyet leƙen asiri, to sai tsoro ya ba shi fili, mutane da yawa suka rasa aiki saboda wani taro da suka taɓa halarta ko wani aboki da suka taɓa yi. Tun 1947 ma wani kwamitin majalisa ya sa masu fim na Hollywood a gaba, goma daga cikinsu suka ƙi amsa tambaya aka ɗaure su aka daina ba su aiki. Maganar kaka kuma ta tuna min 1942, da aka kwashe mutum wajen 120,000 'yan asalin Japan aka tsare a sansanoni, akasarinsu 'yan ƙasar Amurka ne haihuwar can, kuma George Takei da ya fito a Star Trek na farko yana yaro yana cikin waɗanda aka tsare. In ka koma baya sosai akwai garin Salem a 1692, 'yan mata suka fara faɗuwa suna sambatu aka ce maita ce, aka fara da mata uku marasa gata, baiwa da mabaraciya da wata mai jinya, kotu tana karɓar shaidar wanda ya ce ya ga kurwar wance ta zo masa, aka rataye mutum 19, wani tsoho kuma aka danne shi da duwatsu har ya mutu don ya ƙi amsa tuhuma.

Mu ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Yaro zazzaɓi ya yi masa zafi ya ambaci sunan wata tsohuwa a unguwa, kafin la'asar an taru a ƙofar gidanta ana cewa ta fito ta tsallaka shi. Ko a garuruwan da 'yan bindiga suka addaba, infoma akwai su da gaske kuma sun jawo asarar rayuka, amma kowa ya san yadda kalmar take zama hukunci da zarar an furta ta a kan mutum, wani lokaci don yarensa ko kamanninsa kawai.

Yanzu ga abin da yake damuna da kashin, kuma shi ya sa nake so ka kalla da idonka. Ka lura da lokacin da aka tsaya. Ranar da injiniyoyi suka ce hatsari ne ba a tsaya ba, ranar da aka yi wa Tarses ƙarya a bainar jama'a ma ba a tsaya ba, sai da wutar ta kai kan kyaftin, mutum mai suna da muƙami da iya magana, sannan babban Admiral ya ga abin ya yi yawa. A tarihi ma haka ta faru, a Salem sai da zargi ya fara taɓa manyan gari gwamna ya rushe kotun, McCarthy kuma sai da ya taɓo rundunar soja a 1954 aka haska zaman a talabijin mutane suka ga halinsa, a Disambar shekarar majalisar dattawa ta tsawata masa da ƙuri'a 67 da 22. Shekara huɗu fa ana abu ɗaya. A fim minti arba'in da 'yan kai ne matar ta fashe da kanta, wannan kam sun sauƙaƙa, don masu irin wannan aikin ba kasafai suke tona kansu a gaban kowa haka ba.

Kuma Tarses fa? A ƙarshe Worf ya je wurin Picard ya ce na yarda da ita, na taimaka mata, ban gane ko ita wace ce ba, suka yi maganarsu mai kyau a kan sa ido. Amma ba a nuna wani ya je ya ba yaron haƙuri ba, ba a ce an wanke shi ba, ƙaryar da ya yi a fom tana nan a kansa, shi da bakinsa ya gaya wa Picard cewa aikinsa ya ƙare, kuma duk kumbon yanzu an san waye kakansa. In ka kalla ƙanena ka dawo ka gaya min a daidai wane minti ka daina zarginsa, don ina so in ji ko kafin rahoton injiniyoyi ne ko bayansa. Yaya kuma da kika ce kin taɓa kallonsa da daɗewa, ki sake dubawa ki faɗa mana ra'ayinki a kan Worf. Sai da safenku.