Zan iya zuba kuɗin marayu don faɗaɗa kasuwancina?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Bana kasuwa ta yi mini kyau, ina so in buɗe shago na biyu in ninka kaya, don abokan sana'ata duk sun faɗaɗa. Kuɗina bai kai ba sai na haɗa da gadon 'ya'yan yayana marigayi da ke hannuna. An ce mini juya dukiyar maraya shi ne ya fi. Ya halatta?

AMSA: Wa alaikumus salam. Faɗaɗa kasuwa da dukiyarka halal ne, babu saɓani. Gadon yaran nan ne ya sauya hukuncin, kuma a yadda ka siffanta, bai halatta ba.

Masu ba ka wannan shawara suna kafa hujja da maganar Sayyidina Umar da Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa, cewa a juya dukiyar marayu kada zakka ta cinye ta. Maganar tabbatacciya ce, amma ba ta goyi bayan masu ba ka shawarar ba. Manufarta kare dukiyar. Zakka kashi 2.5 cikin ɗari take ɗauka a shekara. Ta yaya za a guje wa wannan da abin da ka iya lashe uwar kuɗin gaba ɗaya? Sannan malaman Malikiyya sun ba wasiyyi, wato mai kula da dukiyar maraya, damar miƙa dukiyar ga amintacce ya juya ta, suka ƙi ya juya ta da kansa, saboda tuhuma. Kai kuwa ba maslahar yaran ta tayar da maganar ba, giɓin jarinka ne. In dukiyar ta salwanta ta wannan hanya, biya ya hau kanka.

Ɗan'uwa, dalilinka ma ya dame ni. Ribar shekara guda kan sa mutum ya ɗauka haka za ta dawwama. Tunda abokanka duk sun ƙaro kaya lokaci ɗaya, kaya za su yi yawa, farashi ya karye, hayar shago na biyu kuwa ba ta jira. Daga nan sai a riƙa ƙara zubawa don ceto abin da aka zuba da farko. Ka kuma binciki zuciyarka: buƙata ce, ko gudun a ce an wuce ka?

Sahabi Ka'abu ɗan Malik ya so bayar da dukiyarsa duka sadaka, Annabi (SAW) ya ce ya riƙe wani sashe, ya fi masa alheri. In a sadaka ke nan, ina ga kasuwa? Ka ware ciyar da iyalinka, ka faɗaɗa gwargwadon kuɗinka, ka rubuta adadin gadon a gaban shaidu tare da sanin mahaifiyarsu.

Wallahu a'alam.