Akwatin Tambayoyinku: Bayan bam ya tashi a Masallacin Sarki, me Kanawa suka yi?

Wannan makon saƙonni sun taru a kan abu guda, na tsamo huɗu daga ciki, sauran ku yi haƙuri sai wani jiƙon.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne daga Gwale, lokacin da aka kai hari babban masallacin Juma'a na ƙofar gidan Sarki ina firamare, abin da kawai nake tunawa shi ne umma ta kulle mu a ɗaki tana ta kiran wayar baba ba ta shiga. Don Allah ya mutanen gari suka yi a ranar, gudu kowa ya yi ko kuwa?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya yi maka albarka. Ranar Juma'a ce, 28 ga Nuwamba 2014, an tada salla kenan bama-bamai suka tashi, kafin mutane su dawo hayyacinsu sai ga 'yan bindiga sun buɗe wuta a kan masu neman hanyar fita. Sama da mutum 100 suka rasu, waɗanda suka jikkata sun fi haka yawa, wasu ma ba harsashi ba ne ya same su, turmutsitsi ne. Sarki Muhammadu Sanusi II ba ya gari a ranar, yana Saudiyya.

To batun gudu, an gudu mana, wa zai ji bam ya tsaya. Amma ba kowa ba. Samari sun juyo sun yi kan masu bindigar nan da duwatsu da sanduna da hannu tsura har suka gama da wasu daga cikinsu a wurin, kuma da jami'an tsaro suka iso su ma sai da suka sha jifa saboda rai ya riga ya ɓaci, mutane na ganin an bar su an zo bayan an gama ɓarna. Ban ce jifan daidai ba ne, ina dai gaya maka yadda zuciyar gari take a lokacin. Su kuma masu adaidaita sahu da masu ƙananan motoci su suka zama motar asibiti, ana loda mutane ana yin asibitocin Murtala da Nasarawa da Malam Aminu Kano da su, ba mai maganar kuɗin mota, ba mai tambayar wannan ɗan gidan waye. Da aka yi shelar ana neman jini mutane suka fito suka bayar. Washegari Asabar Sarki ya dawo, ya shiga masallacin nan da aka zubar da jini a cikinsa ya ja salla, ya kuma gaya wa jama'a cewa ba wanda zai tsorata Musulmi su bar addininsu. Ni a ganina wannan sallar ta fi duk wani jawabin gwamnati tasiri, don ita ta sa talaka ya ce to tunda Sarki ya shiga ni ma Juma'a mai zuwa ina nan.

Amma idan kana so ka gane 2014 sai ka koma 20 ga Janairu 2012, ita ma Juma'a ce da yamma, ranar da Boko Haram suka far wa shelkwatar 'yan sanda ta Bompai da ofishin shiyya ta ɗaya da ofishin SSS da na fasfo da wasu caji ofis duk a lokaci guda, 'yan sanda da kansu suka ce mutum 185 suka mutu, har da ɗan jaridar Channels, Enenche Akogwu, da aka harbe yana bakin aiki. Gwamna Kwankwaso ya sa dokar hana fita ta awa 24, Kano da ba ta barci ta yi tsit kamar an share ta, da Shugaba Jonathan ya zo jaje marigayi Sarki Ado Bayero sai da ya yi hawaye a gaban jama'a. A wancan lokacin tsoro ne ya yi mulki, ko sunan ƙungiyar mutane ba sa iya faɗa a majalisa, sai dai ka ji an ce "yaran nan" ko "mutanen nan" ana waige-waige. Aka cika gari da shingaye, mai babur sai ya sauka ya tura abinsa ya wuce soja, sannan bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado a Janairu 2013 aka hana acaɓa gaba ɗaya, wanda shi ya sa yau ka ga adaidaita ta mamaye ko'ina. Kafin harin masallacin an sha harin tashar mota ta New Road a Sabon Gari, an sha na jami'ar BUK, an sha na kwalejin ilimi ta FCE, mutane sun gaji da binne 'yan uwa, tsoron ya ƙone ya koma fushi. Wannan fushin ne ka gani a ƙofar masallaci.

TAMBAYA: Malam barka da aiki, ina da shago a Kantin Kwari, tun bam ɗin da ya tashi a kasuwarmu a Disamba 2014 ko taya ce ta fashe sai gabana ya faɗi. In Allah ya kiyaye abu ya faru kusa da ni me ya kamata in yi, in tsaya taimako ko in gudu?

AMSA: Alhaji, faɗuwar gaban nan ba rashin imani ba ne, jiki ne bai manta ba, kuma ba kai kaɗai ba ne, ka tambayi 'yan kasuwar waya ta Farm Centre tun bam ɗin da ya tashi musu a 2015. In har abin yana hana ka barci ko zama a shago, ka ga likita ka gaya masa kamar yadda ka gaya min, ba abin kunya ba ne.

Abu na farko kuwa, don Allah mu bar ɗabi'ar nan ta rugawa kallo. Mu dai da an ji ƙara sai kowa ya nufi wurin, wani ma da waya a hannu yana ɗaukar bidiyo, alhali masu wannan aika-aikar sun san halinmu, sukan ajiye na biyu don taron da zai zo kallon na farko. In ba ka ji ciwo ba ka yi nesa tukuna, ka ja yara da mata, ka kira 112, ka bar titi a buɗe. In kuma kana kusa da wanda jini ke zuba, ka samu ƙyalle mai tsabta, ai ku ba ku rasa yadi, ka danne wurin da ƙarfi kar ka riƙa ɗagawa kana leƙawa, in wani ƙarfe ya shige jikinsa kar ka zare, kar a ɗura masa ruwa ko a zuba masa wani abu a ciwon. Sannan jini, ba sai ranar tashin hankali ba, wanda aka bayar tun kafin ranar shi ke ceton na farko da aka shigo da su saboda sai an gwada sabo kafin a ƙara wa wani. Lafiyayyen namiji mai shekara 18 zuwa sama da ya kai kilo 50 zai iya bayarwa duk bayan wata uku, leda ɗaya ce da ba ta kai rabin lita ba. Ƙungiyar layinku ta iya tara kuɗin gadi da na shara, ta tara sunayen masu ba da jini mana.

TAMBAYA: Malam a unguwarmu matasa sun ce duk baƙon fuskar da suka gani da jaka za su tare shi, wai ai 'yan sa-kai na Kato da Gora ma haka suka yi wa Boko Haram a Maiduguri suka ci nasara. Ya kake gani?

AMSA: Ɗan uwa, samarin Maiduguri da suka tashi a 2013 sun san waɗanda suke nema, tare suka taso layi ɗaya, suna nuna su ana miƙa wa soja, kuma duk da haka an samu zarge-zargen wuce gona da iri. Ku wa kuka sani? Tsayawa a ƙofar masallaci a duba mutane da na'ura, a hana ajiye mota a jikin sahu, mai unguwa ya san wanda ya kama haya, duk wannan na yarda. Amma daga an ce "ga shi nan" taro ba ya tambaya, kuma mu ne ya kamata mu fi kowa sanin haka, a Maris 2025 mafarauta 16 da ke hanyarsu ta dawowa Kano aka kashe a Uromi ta jihar Edo a kan zato. In kun ga abin da bai kwanta muku ba ku kira mai unguwa da DPO.

TAMBAYA: Malam ni mace ce daga Fagge, yayana ya rasu a harin masallacin ya bar yara biyar, uku suna hannuna. Satin farko gidan nan ba masaka tsinke, shinkafa, kuɗi, alkawura, bayan sadakar arba'in shiru kake ji. Ba roƙo nake ba, tambaya nake, haka ake yi a ko'ina?

AMSA: Hajiya, Allah ya jiƙan yaya ya sa shahada ce, ke kuma Allah ya ba ki ladan riƙon zumunci. Saƙonki ne ya sa na ware shafin nan gaba ɗaya.

Gaskiya mu Kanawa gwanaye ne a ranar farko, wanka da sutura da jana'iza da zaman makoki ba wanda zai nuna mana, amma bayan an naɗe tabarmi sai mu ce an bar wa Allah, yaran kuma a bar wa gwaggo. A 2014 ɗin nan gwamnatin tarayya ta kafa asusun tallafa wa waɗanda ta'addanci ya shafa ƙarƙashin Janar T.Y. Danjuma, aka yi taro a Abuja aka yi alkawarin sama da naira biliyan 50, amma alkawari a zauren taro daban, kuɗin makarantar yaro a Fagge daban, kin fi ni sani.

Ba ko'ina ake haka ba. A garin Christchurch na New Zealand, da wani ya harbe masallata a masallatai biyu ranar 15 ga Maris 2019 mutum 51 suka rasu, Juma'ar da ta biyo baya aka sa kiran salla a rediyo da talabijin na ƙasa, dubban waɗanda ba Musulmi ba suka zo filin Hagley suka tsaya, bayan sati biyu aka yi taron ƙasa aka karanto sunan mamatan ɗaya bayan ɗaya, kafin wata guda majalisa ta haramta irin bindigogin da ya yi amfani da su. Na san za a ce su ƙasa ce mai mutum miliyan biyar ga kuɗi, kuma sau ɗaya abin ya same su, mu kuwa kafin a share hawayen wannan wani ya tashi, na yarda. Amma rubuta suna ba ya cin biliyan. Mu har yau "sama da ɗari" muke cewa, ni kaina da na amsa wa yaron Gwale a sama haka na ce, kamar buhunan gero ake ƙirgawa, alhali yayanki yana da suna, yana da sana'a, yana da layin da ake saninsa.

Abin da zan ce ki yi, ki samu limamin masallacin unguwarku da mai unguwa, ba da sunan neman taimako ba, ki ce a buɗe littafi a rubuta gidajen da suka rasa mutum a hare-haren nan da yaran da aka bari da ajin da kowanne yake. Masu zakka suna nan da yawa a Kwari da Singa da Dawanau, sau tari ba su san inda za su kai ba sai wanda ya zo ƙofa, ke kuma irinki ba ta zuwa ƙofa. In an buɗe littafin ki turo min saƙo ta akwatin nan, ba sai kin sa suna ba, unguwa kawai da adadin gidajen, zan buga a fitowa ta gaba.