Tambaya da Amsa: In Alheri Ne Ya Cece Mu, Ina Matsayin Zaman Tsarki?

TAMBAYA: Baba Fasto, ina gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ni 'yar kasuwa ce a Farin Gada, ina kuma cikin zumuntar mata ta ikkilisiyarmu a Angwan Rukuba. Ɗana ya dawo hutu daga jami'a da wata magana da ta hana ni barci: wai tunda ta wurin alheri aka cece mu, abin da mutum ya aikata bayan ya ba da gaskiya ba ya da nauyi, kuma wai iyayen ikkilisiya ne suka ƙirƙiro dokokin zaman tsarki daga baya. Shin haka Kiristocin farko suka koyar? Daga wata uwa a Jos.

AMSA: Mama, ina amsawa, Allah ya ƙara miki haƙuri da yaron nan, gama ya kama bakin zaren ne amma bai bi shi har ƙarshe ba. Ayar da ya dogara da ita tana cikin Afisawa 2:8-9, inda manzo Bulus ya ce ceto kyautar Allah ce, ba ladan ayyukanmu ba, kuma a nan yana da gaskiya. Sai dai aya ta 10, wadda take manne da su, ta ce an halicce mu cikin Almasihu Yesu domin kyawawan ayyuka, haka kuma Yakubu 2:26 ya kwatanta bangaskiyar da ba ta da ayyuka da jikin da rai ya fita daga cikinsa.

Waɗanda suka karɓi ikkilisiya daga hannun manzanni ba su raba bangaskiya da ayyuka ba. Wajen shekara ta 96, ikkilisiyar Roma ta aika wa ta Korinti wasiƙar da ake kira da sunan Kilemen, wani shugabanta, a ciki aka ce ba hikimarmu ko ibadarmu ko ayyukanmu ne suke baratar da mu ba, sai bangaskiya. Nan take kuma marubucin ya tambaya ko saboda haka za mu yi ragwanci wajen aikata nagarta, ya amsa da cewa Ubangiji ya sawwaƙe.

Shaidar da ta fi burge ni kuwa daga bakin wanda ba Kirista ba ta fito. Wajen shekara ta 112, Filini, gwamnan lardin Bitiniya a ƙasar da yanzu ake kira Turkiyya, ya rubuta wa Tarajan, sarkin daular Roma, yana neman shawara kan yadda zai hukunta Kiristoci. Ya yi bincike mai tsanani, har ya sa aka azabtar da bayi mata biyu masu hidima a ikkilisiya, amma abin da ya samu shi ne suna taruwa kafin gari ya waye a wata rana tsayayya, su raira waƙa ga Almasihu kamar ga Allah, sa'an nan su ɗauki alkawari cewa ba za su yi sata ko fashi ko zina ba, ba za su karya magana ba, ba kuma za su musanta ajiyar da aka ba su ba in mai ita ya zo karɓa. Ki lura da wannan na ƙarshe, Mama, domin ke kin fi ni sanin abin da ajiya da bashi da kuɗin adashi suke yi wa zumunci a kasuwa. A wurin mutanen nan, riƙon amana yana cikin sujada kamar yadda waƙa take ciki.

Shiga ikkilisiya ma ba ta da sauƙi. Wani littafin tsarin ikkilisiya da ake dangantawa da Hifolitus na Roma, wani malamin ikkilisiya na ƙarni na uku, ya ce masu neman baftisma su yi shekara uku suna koyo, kuma kafin a yi musu sai an tambayi waɗanda suka kawo su ko sun girmama gwauraye, ko sun ziyarci marasa lafiya. Yau kuwa wani yakan ƙosa da ajin baftisma na 'yan watanni.

Amma kada in ɗora wa yaro laifin duka. Idan abin da ya tashi yana ji shi ne zaman tsarki ya tsaya ga ɗaurin ɗankwali da tsawon zane, alhali yana ganin wanda yake kan kujerar gaba ranar Lahadi yana tauye mudu ranar Litinin, ko yana cusa ruɓaɓɓen tumatir a ƙasan kwando, to mu ne muka ba shi hujja. Iyayen ikkilisiya na farko sun yi magana a kan sutura, ba shakka, amma sun kuma yi koyarwa sosai a kan harshe da kuɗi da gadon aure. Shawarata ita ce kada ki yi masa faɗa. Ki ba shi Littafi Mai Tsarki ya karanta miki Afisawa sura 2 da bakinsa, kada kuma ki bar shi ya tsaya kafin aya ta 10.

TAMBAYA: Malam, na ji wani mai wa'azi a Bukuru yana cewa dole ne Kirista ya yi azumi Laraba da Juma'a. Daga ina wannan ya fito? Daga wani matashi a Bukuru.

AMSA: Ɗan'uwa, al'adar tsohuwa ce ƙwarai. Tana cikin Didake, wato Koyarwar Manzanni Goma Sha Biyu, ɗan littafin da ya soma da cewa hanyoyi biyu ne, ta rai da ta mutuwa, wanda aka sāke gano shi a Kustantiniya, wato Istanbul ta yau, a 1873, aka buga shi a 1883. Ya ce a yi azumi Laraba da Juma'a, a kuma yi Addu'ar Ubangiji sau uku a rana. Littafin ba ya cikin Sabon Alkawari, don haka ba zan ce maka dole ba ne, ko da yake ikkilisiyun Masar da Habasha suna riƙe da wannan azumi har yau. In kuwa mai wa'azin yana girmama Didake, ya kamata ya san cewa shi wannan littafin ya ce manzon da ya sauka a gari ya kai kwana uku, ko ya roƙi kuɗi sa'ad da zai tafi, annabin ƙarya ne.