Hasashen Yanayi a Wayata Yana Canzawa Kullum, Wayar Ce Ta Lalace?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Bergen ta ƙasar Norwe, watana uku da zuwa. Ranar Litinin manhajar yanayi ta nuna mini za a yi rana ranar Asabar, muka shirya hawan dutsen Ulriken da abokaina. Ranar Laraba ta koma ruwa, Juma'a kuma ta ce gajimare kawai. Wayar abokina ma wani abu daban take nunawa. Tawa ce ta samu matsala?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Wayarka lafiyarta ƙalau, kada ka kai ta wurin gyara.

Waya ba ta san abin da sama ke ciki ba, 'yar aike ce kawai. Manyan kwamfutoci ne ke yin lissafin, kuma biyu suka fi shahara: ta cibiyar ECMWF ta Turai, mai hedikwata a Reading ta Ingila, da GFS ta Amurka, wadda ke sabunta lissafinta sau huɗu a rana, tana hange har kwana 16. Duk lokacin da za a sake lissafi, sai a zuba sabbin awo daga taurarin ɗan'adam, jiragen sama, jiragen ruwa da balan-balan ɗin da ake saki sama. Sabon awo, sabon sakamako. Manhajarka da ta abokinka kuma mai yiwuwa ba rijiya ɗaya suke ɗiba ba, shi ya sa kuka ga sun sha bamban.

Tun shekarun 1960 masanin yanayi Edward Lorenz ya nuna cewa ɗan kuskure ƙalilan a awon yau yana girma kullum, har ya zama bayan kamar mako biyu lissafin ba ya da sauran amfani ga takamaiman rana. Saboda haka ECMWF takan maimaita lissafinta sau 51, kowanne da ɗan bambanci a mafari. In duka sun haɗu a kan ruwa, to ruwa ne. In sun rabu, babu tabbas. Abin da ke ba ni takaici da yawancin manhajoji shi ne su ɗauko wannan rarrabuwar duka su dunƙule ta a hoton rana ɗaya tilo, mutum ya ɗauka alkawari aka yi masa.

Ga kuma inda Allah ya ajiye ka. Bergen na samun ruwa sama da milimita 2,000 a shekara, domin iskar da ke tasowa daga Tekun Atlantika tana zuwa da danshi, ta ci karo da duwatsun da suka kewaye garin, ta haura, ta yi sanyi, ta sauke abin da ta ɗauko. Hadarin da ke can tsakiyar teku ranar Litinin, in ya yi saurin awa shida ko ya karkata arewa kaɗan, Asabar ɗinka ta canza ke nan. Lissafin ECMWF yana raba duniya gida-gida ne, kowane gida kusan kilomita 9, alhali a irin wannan gaɓa ana iya tafka ruwa a wannan kwarin, na bayansa a bushe.

Shawarata ka sauke Yr, ta hukumar yanayi ta Norwe da gidan rediyo da talabijin na NRK. A kwanaki biyun farko tana amfani da lissafin yankin mai gidaje kilomita 2.5, wanda ya fi sanin duwatsun. Sannan ka bambanta yadda kake karanta ta. In yanzu za ka fita, duba abin da na'urar rada ke nunawa na minti 90 masu zuwa, don wannan ruwan da ke sauka ne ake gani yana tahowa. Na yau zuwa jibi kana iya tsara harkarka a kai. Daga kwana biyar zuwa sama, alkibla kawai za ka ɗauka: makon zai yi jiƙa ko sauƙi, sanyi zai ƙaru ko zai ragu. Kuma in ka ga kashi 60 cikin 100, ana nufin yiwuwar saukar ruwa a wurin cikin wannan lokacin, ba wai za a shafe fiye da rabin yini ana yi ba.

Game da Ulriken, ka nemi hasashen dutsen kansa, ba na cikin gari ba. Tsayinsa mita 643 ne, can sama sanyi kan fi na ƙasa da kusan digiri huɗu, ga iska. In ka ga gargaɗi mai ruwan lemu ko ja, don Allah ku ɗage tafiyar.

Tambaya: Malam, ɗan akwatin yanayin da ke fuskar wayata yakan nuna na jiya, wani lokaci ma na wata unguwa.

Amsa: Abu biyu ne, 'yar'uwa. Tsarin tanadin batir yana hana manhaja sabunta kanta in ba a buɗe ta ba, sai ki shiga saiti ki cire ta daga cikin waɗanda aka taƙaita. Na biyu, tun daga iOS 14 na iPhone da Android 12 ana iya ba manhaja kusan inda kike maimakon ainihin wurin. Ki kunna mata ainihin wurin.

Tambaya: Ruwan sama ya jiƙa wayata, ta ƙi karɓar caji. In saka ta cikin shinkafa?

Amsa: A'a malam, kamfanin Apple da kansa ya hana haka, don ƙurar shinkafar na iya shiga ciki. Ƙin cajin kariya ce, wayar ta ji danshi a bakin cajinta. Ka juya bakin ƙasa, ka ɗan bubbuga ta a tafin hannu, ka ajiye ta inda iska ke kaɗawa. Kada ka hura mata zafi, kada ka cusa auduga. Wani lokaci takan kai yini guda kafin ta bushe sarai. Ko da an rubuta IP68, wato alamar jure ruwa da ƙura, a kwalinta, da ruwa mai daɗi aka yi gwajin, ba da na teku ba, kuma robar da ke toshe ƙofofinta tana saki da tsufa, balle in wayar ta taɓa faɗuwa ko an taɓa buɗe ta.